Bishiyar tuja za ta yi a Ringim kuwa?

Malam ka ce ka ga tuja a hoto kana so ka kewaye gidanka na Ringim da ita. To gaskiya asalinta Kanada ne da arewa maso gabashin Amurka, ƙasar sanyi da danshi, can ganyenta kore shar duk shekara, shinge suke yi da ita kuma katakonta ba ya saurin ruɓewa. Nan kuwa da rairayinmu da zafin bazara ƙonewa za ta yi wlh. In ka matsa sai ka nemi irin ta ƙasar Sin wajen masu fulawa a Kano, ta fi jure zafi amma ban ruwa ba fashi. A kula da awaki, man ganyenta na da guba. Ni dai bishiyar lalle zan dasa.