Gonar gado da ramin Hahotowe

Ɗana, na ga saƙonka. Wai me ya sa ake cewa ba a sayar da gonar gado, alhali ga masu saye da kuɗi a hannu? Sai da na yi dariya, amma daren nan barci ya ƙi zuwa.

Ka san ina saurayi na yi zaman Togo, ina yaron tsire a wajen kawuna. Daga Zongon Lome muke zuwa Hahotowe, ƙauyen da ake haƙar fosfat, ƙasar nan da ake yin takin zamani da ita. Tun 1961 ake haƙa a can, jirgin ƙasa ya kwasa zuwa Kpeme bakin teku, a wanke, a loda wa jiragen ruwa. A 1974 farashi ya yi tashin gwauron zabi, shugaban ƙasar na lokacin, Eyadema, ya mayar da haƙar hannun gwamnati, kuɗi suka wadata. Ranar albashi, kafin isha'i mun kashe wuta.

Akwai wani dattijo, manomin rogo da kwakwar manja, da haƙa ta iso gonarsa. Ranar da ya karɓi kuɗin filin sai ga shi da sabon zane a kafaɗa, ya saye tsirenmu kaf, ya ce duk wanda ya gifta a miƙa masa. Har makaɗa ya kirawo. Ni murna kamar na taka rawa. Kawu kuwa yana ta juya nama, bai ce uffan ba, sai da muka kama hanya ya ce, "Na duƙe tsohon ciniki. Kuɗi baƙo ne, in ya kwana da safe sai sallama."

Bayan damina biyu na ci karo da dattijon a kasuwar Vogan, ranar Juma'a, yana tayin garin rogo kwano ɗaya. Mutumin da a da buhu-buhu yake kawowa! Na tambaye shi gona, ya ce rami ce yanzu, ko inda ya binne mahaifinsa ba zai iya nunawa ba.

Shi fa ba da son ransa ya rabu da ita ba. Ku kuwa da ƙafarku kuke bin dillalai, don babur da sabuwar waya.

Ban ce haramun ne ba, wannan sai malamai. Ka dai zo da Sallah mu zaga gonar tukuna, don na tabbata ko inda iyakarmu ta tsaya ba ka sani ba. Ka gaishe da mahaifiyarka.