Amsa ga jikata kan kukan rakiyar alhazai da waƙoƙin nisan gabas

Assalamu alaikum. Amarya, saƙonki ya iso, kuma na ga kin jero mini tambayoyi kamar mai tuhuma a gaban alƙali. Kin ce ranar da za a kai mahaifiyarki sansanin alhazai kin ga tsofaffin gida suna hawaye, ana ta “ki yafe ni, na yafe ki”, gwaggonki kuma ta ɗauko bege tana rerawa, wai Madina ta yi nisa, ko ƙafa za ta kai ta. Ke kuwa kin duba waya kin ga jirgi daga Kano zuwa Jidda bai cika awa biyar ba. Shi ne kike tambaya ko addini ne ya ce a yi haka, ko kuwa al'ada ce kawai ta ƙi mutuwa. To gyara zama, kin sosa wa tsoho inda yake masa ƙaiƙayi.

Neman yafiya, biyan bashi da barin wasiyya, waɗannan malamai ne suka koyar, kuma ko tafiyar awa ɗaya ce suna nan daram. Amma kukan da waƙar, hanya ce ta haife su. Lokacin da aka tsara wannan rakiya, wanda ya ce zai tafi gabas da ƙafarsa yake nufi, kuma daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya haura kilomita 3000.

A da can, masu hali da sarakuna ta arewa suke bi, su shiga ayarin raƙuma ta Agadas, su ratsa hamada zuwa Fezzan, su faɗa Misira, su haɗu da ayarin can. Talaka ba shi da kuɗin raƙumi, don haka hanyarsa ita ce ta gabas sak. Daga nan sai Barno, a bi ta Yerwa da Dikwa, a haye kogin Shari a Kusuri zuwa Fort Lamy, wadda kuke kira Njamena yanzu. Daga nan Ati, sai Abeshe ta ƙasar Wadai, sai Adare, sai Janaina, an shiga Darfur ke nan. Sai Fashir, Nuhud, Ubayyid, a haye Nilu a Kosti, a gangara Sinnar ko Madani, a bi ta Gadarif da Kasala har Sawakin, inda ake tsare mutane a yi musu allura kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Janaina da Fashir ɗin nan da kike ji a rediyo tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023, mu a bakin tsofaffi muka fara jin su, a matsayin zangon alhazai.

Ba a tashi sai an gama kaka, an sayar da abin da za a sayar. Kayan tafiya ba su da yawa: buzu, buta, salka, sanda, gafaka ga mai karatu, ɗan garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi. A ƙasan kaya kuma akwai ƙyalle fari a naɗe, likkafani ne, kowa da nasa. Idan akwai jaki, yara da tsohuwa ne a kai. Guzurin nan kuwa ko Wadai ba ya kaiwa. Daga inda ya ƙare sai sana'a: wanzami ya buɗe zabirarsa, mai ɗinkin hula ya zauna a inuwa, malami ya yi rubutu, wanda ba shi da komai ya yi ga-ruwa ko dako, mata su soya ƙosai su yi kitso. Damina ta faɗi, a ari gona a yi noma, a jira rani. Haka ake cin hanyar, gari bayan gari. Shekara biyar ko bakwai kafin mutum ya dawo ba abin mamaki ba ne, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa, a wurinsu ba karin magana ba ce, tsarin tafiyar ke nan.

Ina yaro akwai wani alhaji a unguwarmu da ya je da ƙafa ya dawo da ƙafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai dugadugansa ne. Faso ya tsaga su har kana iya sa tsinke a ciki, kuma ya nuna mana inda ya riƙa ɗinke su da allura da zare a hanya, ya shafa kitse, ya ɗaure da tsumma, gari ya waye ya ci gaba. Shi ya ba mu labarin kukokin Kordofan. A wajen Nuhud ruwa yana da wuya, sai mutanen wurin su rarake cikin kuka daga sama, su cika ta da ruwan damina da guga, su toshe. Kowace kuka da mai ita, kuma da rani sayar da ruwan ake yi. Inda babu kuka sai kankana, mutum ya sha, jakinsa ya ci ɓawon. Mun ɗauka tatsuniya yake mana, sai da na girma na karanta na tarar haka abin yake.

Yanzu ki dubi waɗanda aka bari a gida. Mace mijinta ya tafi, babu waya, babu gidan waya da zai kai wasiƙa ƙauye. Labari sai in wani ya dawo ya ce ya gan shi a Abeshe shekara biyu da suka wuce, yana da lafiya a lokacin. A fiƙihunmu na Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a sa mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Saboda gudun wannan wahala wasu mazan sukan sauwaƙe wa matansu kafin su tashi, wasu su ce in shekara kaza ta cika ban dawo ba, al'amarinki yana hannunki, wasu kuma su kwashi iyalin gaba ɗaya. To ki gaya mini, wadda aka yi wa irin wannan sallama a ƙofar gari, me zai hana ta kuka?

A gidanmu ma an yi. Ƙanen kakana ya tafi da matarsa da ɗansu na goye. Bayan shekaru wasiƙa ta zo da ajami a hannun wani mai dawowa, cewa suna Madani suna tsinkar auduga, kuɗin jirgin ruwa ya kusa cika. Turawa sun gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, suna neman hannu, mutanenmu kuwa ga su a hanya suna neman abin guzuri. Da yawa a nan tafiyar ta tsaya. Bana a ce baɗi, baɗi a ce baɗin baɗaɗa, har 'ya'ya su yi aure, har a binne tsoho a can yana cewa shi matafiyi ne. Daga wannan wasiƙa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. In kin ji ana maganar Hausawan Sudan, waɗanda mutanen can ke haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takari, to akwai jininki a cikinsu.

Ba duka ne hajji kaɗai ya fitar da su ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suka bar gonakinsu suka bi shi. A Burmi aka tare su, a watan Yuli na shekarar, nan ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har bakin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake ce masa. Wannan gari ya zama masaukin duk wanda ya taso daga ƙasarmu.

Kada kuma ki ɗauka tafiyar duk lada ce da annuri. An yi fashi, an mutu da ƙishirwa da agana. Waɗanda ba su da takarda sukan biya masu kwalekwale su tsallaka da su a ɓoye da dare, wasu a sauke su a gaɓar da babu ruwa. Mafi muni, akwai waɗanda suka ɗauki yaran mutane da sunan za su kai su hajji, suka sayar da su a can, don Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Wannan ba a cika sa shi a waƙa ba, amma iyaye mata sun sani, kuma yana cikin abin da suke kuka a kai.

Sai batun waƙa, wanda na san shi ya fi damun ki tun da ke ce mai sauraron waƙoƙi a gidan nan. Bege ya girmi duk wannan labari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana saurayi ya yi wata waƙa ta Larabci wadda ta buɗe da tambaya, ko zai samu tafiya zuwa Ɗaiba, wato Madina, ya ziyarci kabarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Ya bi malaminsa Malam Jibrila har Agadas, malamin zai wuce hajji, ya ce masa ya koma gida tun da bai nemi izinin mahaifinsa ba. Shehu ya koma, kuma har ya rasu a 1817 bai je ba. Ki lura da wannan. Mafi yawan masu begen nan namu, na zaure da na bandiri da na makafi masu bara, mutanen da ba su je ba ne, kuma ba su sa ran zuwa. Shi ya sa za ki ji mai bege yana roƙon iska ta kai gaisuwarsa, ko yana cewa da shi tsuntsu ne, ko yana yi wa ayarin da ya tashi ya bar shi kuka. Nisan da ke cikin waƙar nisan gaske ne, an auna shi da ƙafa.

Masu tafiyar su ma suna da tasu. Tafiyar dare ake yi saboda rana, kuma mutum in ya yi shiru barci zai ɗauke shi yana tafe. Sai ɗaya ya ja baiti, saura su amsa, yawanci Ishiriniya ko salati ko zikiri, sawu ya daidaita da amshi. Wanda muryarsa ta ɓace daga amshi, an san ya yi baya, a tsaya a neme shi. Wannan dabara ba alhazai suka fara ta ba. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, su yi watanni kafin su kai Salaga, da madugu da jagaba da makaɗansu suke tafiya, kuma zangon da suka riƙa yadawa shi ya bar unguwannin Zango a Kumasi da sauran garuruwan Gana. Daga irin waɗannan tafiye-tafiye mawaƙanmu suka gaji ɗabi'ar jero sunayen garuruwa. Ku kuna jin kamar cika baki ne, mawaƙi yana nuna ya yi yawo. Akwai wannan. Amma ga wanda ba ya karatu, jerin nan taswira ce. Wanda ya haddace shi ya san bayan Abeshe sai Adare, ya san inda ake samun 'yan uwa, ya san inda ake cika salka.

Ta uku ita ce ta mata, kuma a ganina ta fi duka daɗi, ita ce kuma ba a rubuta ba. Kakata in tana niƙa takan yi waƙar ƙanen mijin nan nata da matarsa, wadda ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Ba ta da tsayayyen baiti. Yau ta tambayi shamuwa, tun da ita tana zuwa tana dawowa duk shekara, ko ta gan su. Gobe ta yi wa ƙawar tsiya, wai ta samu dabino ta manta da tuwon dawa. Wani lokaci dutsen niƙan ya tsaya, ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Muryar da gwaggonki ta ɗauko ranar nan, daga wannan tsohuwa ta biyo, ta hannun uwarta.

Abin ya fara sauƙi a hankali. Jirgin ƙasa ya kai Ubayyid wajen 1912, ya rage wa mai kuɗin tikiti kusan sulusin hanya. Sai motoci. Wapa ɗin nan ta Fagge da kika sani da 'yan canji, sunan kamfanin jigilar alhazai ne da su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa wajen 1948, suna kai mutane a mota har Sudan. Sai jirgin sama ya karɓe a shekarun 1950, gwamnati ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka wayi gari tafiyar shekara bakwai ta koma ta wata ɗaya da 'yan kwanaki. Cikin rayuwar mutum ɗaya aka yi wannan sauyi, kuma zuciya ba ta saurin jirgi.

Kin kuma tambaya ko na ƙafa ya fi lada. Alƙur'ani a Suratul Hajji ya ambaci masu zuwa da ƙafa da masu zuwa a kan raƙuma ramammu daga kowace hanya mai nisa, bai kori kowa ba. Hajji kuma a kan mai iko aka wajabta shi, Manzon Allah da kansa a kan taguwa ya yi nasa. Kakanninmu ba don neman suna suka taka ba, abin da suke da shi ke nan. Shi ya sa samarin nan masu tattaki daga wannan gari zuwa wancan don ɗan siyasa ya ci zaɓe, ana ɗaukar su hoto a kowace mararraba, ba na son a haɗa su da waɗancan. Su waɗancan in da an ba su kujerar jirgi da gudu za su hau.

In za ki ji tawa, kafin mahaifiyarki ta dawo ki sami gwaggonki ita kaɗai, ba cikin taro ba, don tana da kunya. Ki kai mata goro, ki kunna wayar nan taki ki ajiye a gefe, ki ce ta yi miki ta shamuwa. Za ta ce ta manta. Ki yi shiru ki ba ta lokaci, ko ki sa ta tsince miki shinkafa, hannunta na aiki bakin zai buɗe. In ta ambaci sunan gari, ki rubuta ki turo mini, ina so in ga ko Kosti tana ciki, don ni a nan nake tunawa waƙar take tsayawa.

Ki gaida mahaifinki da ƙannenki. Dabino da zamzam ɗin da za a kawo, kason ango daban yake, kada ki bari kishiyarki ta riga ki kawo mini. Allah ya dawo mana da alhazai lafiya, ya karɓi ibadarsu. Wassalam.

Kakanki