Amsa: Ƙaramin akwatin kwamfuta da zai jure zafin Garwa

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa kwamfuta mai ƙarfi a ƙaramin akwati, kuma kana tsakanin Fractal Terra da Cooler Master NR200. Ni dai, a nan Garwa, NR200 zan ba ka shawara.

Dalilina zafi ne. A Maris da Afrilu muna wuce digiri 40, ɗakin ma kamar tanda. Terra kyakkyawa ne ƙwarai, lita 10.4 kacal, amma ɗan gajeren abin sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kawai yake ɗauka. NR200 kuwa kusan lita 18 ne, yana karɓar mai tsayin milimita 155 da katin hoto har milimita 330. Wannan sararin shi ne numfashin injinka. Dukansu allon Mini-ITX suke so, wato ƙaramin allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kai, da ƙaramin akwatin wuta irin SFX mai ba kwamfuta lantarki, don haka kada ka sayi babban na ATX ka zo kana cizon yatsa.

Sai ƙura. Lokacin hunturun bara na buɗe kwamfutata, na tarar da fankokin ƙasa sun yi jajawur, ƙurar ta daskare kamar garin kunu. Tun daga nan na ɗauke ta daga ƙasa zuwa kan tebur, ina wanke ragar tacewa duk sati biyu.

Kafin ka ba da sautu daga Duwala ko Kano, auna tsawon katinka da kaurinsa da kanka. Kuma tun da wuta na yawan ɗaukewa, ka ware kuɗin ondilar, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, tun yanzu.