Me ya sa mastad ɗin da na kwaɓa a gida ya fito da ɗaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar shawarma da sanwici a gida, mastad na kwalba, wato haɗin nan mai kaifi da ake shafawa a sanwici, kuma ya yi tsada, sai na sayi garinsa. Na kwaɓa da ruwan zafi da khal a take, amma da na ɗanɗana sai ɗaci kawai, babu wannan kaifin da ke hawa hanci. Garin ne jabu ko hannuna ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi saurin zargin mai shago, ruwan zafin nan ne ya ɓata miki aiki.

Busasshen garin mastad ba shi da yaji ko kaɗan, in kin shinshina ma ba za ki ji wani abin kirki ba. A cikinsa akwai sinadarai biyu da ke zaune ba ruwan wani da wani, sai ruwa ya taɓa su sannan ɗaya, wanda masana ke kira mirosinas, ya farfasa ɗayan ya fitar da man nan mai kaifi. Shi ya sa zafinsa ya bambanta da na barkono: barkono a harshe yake zama, mastad kuwa hanci yake bi, ya sa ƙwalla, ya wuce nan da nan. To shi mirosinas ba ya jure tafasasshen ruwa, tsami kuma yana rage masa ƙarfi. Ke kuma kin haɗa masa duka biyun lokaci guda.

Ga yadda za ki yi. Ki zuba garin babban cokali 4 a kwanon tangaran ko na gilashi, ki sa ruwan sanyi cokali 3, ko na randa ne ya wadatar, ki juya har gudajin su mutu. Sai ki bar shi minti 10 zuwa 15. A wannan tsakanin ne kaifin ke kai ƙololuwa, in kin kai hanci kusa za ki ja da baya da kanki. Daga nan ki zuba khal cokali 2 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Aikin khal shi ne ya tsayar da kaifin a inda ya kai, domin in an bar shi da ruwa zalla, cikin 'yan sa'o'i zai sane. Nan ne kuma kike da iko: in masu sayen shawarmarki ba sa son mai ƙarfi, ki sa khal ɗin bayan minti 2 ko 3.

Ɗacin kuwa, ko ƙwararre ne ya kwaɓa, sabon mastad sai ya yi shi. Ki juye a kwalba mai murfi, ki sa a firij kwana 2 ko 3 kafin ki yanke masa hukunci. Zai kuma yi kauri da kansa, don haka in kin gan shi ruwa-ruwa a ranar farko kada ki ƙara gari. Ki guji ajiye shi a kwanon alminiyam, tsamin yana cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗanon.

Wanda kika saba gani rawaya shar a kan sanwici salon Amurka ne, kuma launin daga kurkum yake, ɗan kaɗan a bakin cokali ya isa. Ki ƙara zuma ko sukari ƙaramin cokali ɗaya, shi ya fi shiga da kaza. Na Ingila, irin na kamfanin Colman's da aka kafa a 1814, ya fi wannan faɗa nesa ba kusa ba, don ana haɗa farar ƙwayar mastad da mai launin ruwan kasa. Na Dijon ta Faransa da ƙwaya ruwan kasa ake yinsa, kuma wasu kamfanonin suna sa masa farar giyar inabi, saboda haka in za ki sayi na kwalba ki karanta jikinta tukuna.

Batun ɗauke wutar lantarki kuma, tsami da gishiri suna kare shi daga saurin lalacewa, ɗauke wutar yini ɗaya ba zai zubar miki da shi ba, sai dai zafi yana cinye kaifin a hankali. Ni dai shawarata ki riƙa kwaɓa na mako biyu, ki kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. In kina shakkar garin ya tsufa, ki jiƙa ɗan kaɗan da ruwan sanyi ki jira minti 10. In bai taɓa miki hanci ba, a nan ne za ki koma wa mai shago.