Na saka PHP a sabar, amma shafin saukowa yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kama hayar sabar mai Ubuntu 24.04, na ɗora Nginx da PHP. Amma in na shiga adireshin shafina na index.php, sai burauza ta sauko da fayil ɗin maimakon ta buɗe shi. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Nginx, wato manhajar da ke miƙa wa masu ziyara shafukanka, ba ya karanta PHP (harshen da aka rubuta shafin da shi) da kansa. In ba a nuna masa wanda zai miƙa wa aikin ba, sai ya ba mai ziyara fayil ɗin ɗungurungum. Kada ka kwana da wannan matsala, domin duk kalmar sirrin rumbun bayanai da ka rubuta a ciki, kowa na iya saukewa ya karanta. In shafin ya jima a haka, ka canza ta.

Wanda zai karɓi aikin shi ne PHP-FPM, manhajar da ke sarrafa fayilolin PHP ta mayar wa Nginx da sakamako. Rubuta `sudo apt install php-fpm`, zai kawo maka siga ta 8.3. Sai ka buɗe `/etc/nginx/sites-available/default`, ka nemo sashen da ya fara da `location ~ \.php$`, ka cire alamar # daga layukansa. A nan ake yawan tuntuɓe: layin `fastcgi_pass` guda biyu ne, ɗaya kawai za ka buɗe, kuma ya kasance `unix:/run/php/php8.3-fpm.sock`. In lambar sigar ta saɓa, kuskuren 502 za ka gani. Gwada da `sudo nginx -t`, in ya amince, sai `sudo systemctl reload nginx`.

Tambaya: Na ƙara `upload_max_filesize` (iyakar girman fayil ɗin da za a iya ɗorawa) a php.ini, fayil ɗin saitunan PHP, amma har yanzu manyan hotuna ba sa hawa.

Amsa: Ina kyautata zaton ba fayil ɗin da ya dace ka gyara ba. Akwai php.ini a `/etc/php/8.3/cli/`, akwai wani a `/etc/php/8.3/fpm/`, kuma na biyun ne shafinka ke bi. Asalin iyakar `upload_max_filesize` megabait 2 ce. Ka ɗaga `post_max_size` ma (iyakar duk abin da ake turawa a lokaci guda), wanda ke kan megabait 8, ya ɗara ta farkon, sannan `sudo systemctl restart php8.3-fpm`. Shi ma Nginx yana da tasa iyakar, megabait 1, don haka in ka ga kuskuren 413, `client_max_body_size` za ka ƙara.