Amsa: PS4 ɗina ta daina karanta faifai

Ɗan'uwa, ka ce na'urar wasanka ta PS4 (PlayStation 4) tana haɗiye faifan, ta yi ta ƙara, sannan ta ce ba ta gane shi ba. Kada ka yi saurin kwance ta.

Fara da faifan. Goge shi da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, sannan ka gwada wani. Idan duk sun ƙi, saka faifan fim na DVD. In ya yi amma wasa ya ƙi, to idon da ke karanta Blu-ray, wato irin faifan wasannin PS4, ne ya raunana ko ƙura ta rufe shi, domin kowanne da irin haskensa. Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa na'urar nan.

Kafin ka kashe kuɗi, kashe ta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7. Jona abin bugawa da na'urar ta kebul, ka zaɓi Rebuild Database, wato sake tsara bayanan na'urar, a jerin da zai bayyana. Ba ya share wasanninka.

In ta kai ga mai gyara, idon kawai zai canza. Don Allah kada ka bari ya musanya ƙaramin allon injin faifan, a samfuran PS4 na farko an ɗaure shi da babban allon na'urar, na wata ba zai buɗe wasa ba.