Yadda muke ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi a Jamus

Kawu, ka tambaye ni ko gaskiya ne mu Hausawan Jamus muna kai iyayenmu gidan tsofaffi, da kuma inda ake samun kuɗin jinyar wanda ya shekara da shekaru a kwance.

A nan ba a jira sai tsufa ya zo kafin a nemi kuɗin. Tun shekarar 1995 doka ta wajabta inshorar jinya, kuma a 2025 ana biyan kashi 3.6 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suna raba nauyin, wanda ba shi da 'ya'ya kuma ana ƙara masa. Idan ƙarfi ya ƙare, sai a turo masu bincike su duba ko mutum yana iya wanka, cin abinci da tafiya da kansa, su sanya shi a ɗaya daga cikin matakai biyar.

Abin da ya fi dacewa da tarbiyyarmu shi ne, idan iyali suka zaɓi riƙe tsohonsu a gida, ana ba shi kuɗi kowane wata, wanda a mataki na biyar ya kai kusan Yuro 1,000, kuma 'yar da ta rage aikinta domin jinyar mahaifiyarta ana zuba mata kuɗin fansho. Yawancinmu wannan hanyar muke bi, domin tsoho ya ci tuwonsa, ya yi sallarsa cikin jikokinsa, mace kuma mace ta yi mata wanka. Gidan tsofaffi sai in cutar ta fi ƙarfin gida, kuma inshorar ba ta biyan duka; abin da ke kan mutum yakan haura Yuro 2,000 a wata. In fanshonsa da ajiyarsa ba su isa ba, hukuma ce ke cikewa, kuma tun 2020 ba a bin 'ya'ya sai wanda samunsa ya wuce Yuro 100,000 a shekara.

Inda nake jin ciwon abin shi ne dattawanmu masu burin ƙarasa rayuwa a Kano ko Damagaram. Kuɗin jinyar ba ya bin mutum zuwa Najeriya ko Nijar in ya koma da zama, duk da shekarun da ya yi yana biya. Saboda haka da yawa suke gina gidan haya a gida tun suna da ƙarfi, suna kuma shiga adashi, don kada jinyarsu ta faɗa kan 'yan'uwa irinku.